Injiniyan da Ba Ya Shiga Silin

Maƙwabcina mai gyaran wutar lantarki ne, kuma shekara talatin da ɗaya ya yi a sana'ar bai taɓa sa kansa cikin silin ba. Wannan ba sharri nake masa ba. Sharrin da nake masa daban ne, kuma duk ya san su.

Gidan haya muke zaune, ɗaki takwas, famfo ɗaya a tsakar gida. Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da nawa, irin bangon nan da in ya yi tari matata ce ke riga tasa ce masa sannu. Ni faci nake yi a rumfar da ke ƙofar gidan, saboda haka fitarsa da shigarsa duk a idona ne. Injiniya nake ce masa. Don tsokana na laƙaba masa, yanzu har matarsa haka take kiransa in akwai baƙi.

Kada wani ya ɗauka matsoraci ne. Na ga mutumin nan a saman bene hawa uku, ta waje, iska na kaɗa rigarsa, yana ɗaura waya da hannu ɗaya yana cin gyaɗa da ɗayan. Ranar da maciji ya shiga banɗakinmu shi ya kashe shi da silifas, ni ina kan durom ɗin ruwa ina ba shi shawara. Wuta ta ja shi ya fi a ƙirga, kuma abin da yake yi kawai shi ne ya yarfe hannu ya ce, "To, akwai wuta." Ba kuma ƙiba gare shi ba, balle a ce ƙofar silin ce ta yi masa kaɗan. In ya juya gefe sai ka neme shi.

Amma ka nuna masa 'yar ƙofar nan da kafinta ke bari a silin don masu shiga gyara, nan take zai tuna ana jiransa a wata unguwa.

A jikin bango yake bi da wayarsa, a fili, kilif bayan kilif, tsakanin kowane biyu taƙi ɗaya cif, a miƙe kamar an ja da rula. In mai gida ya ce a ɓoye masa ita a sama, sai Injiniya ya cire testa daga aljihu ya nuna shi da ita ya ce, "Ranka ya daɗe, wayar da aka ɓoye ita ke cin gida. Wadda kake gani ba ta yi maka ƙarya." Mutane suka ɗauka hikima ce. Na taɓa jin wani direba yana maimaita maganar a rumfata, wai daga bakin wani tsohon masani ya ji ta.

Inda shiga sama ta zama dole, akwai Ƙadangare. Abokinsa ne tun suna koyon aiki a wurin ubangida ɗaya, kuma shi duk ramin da kansa ya shiga jikinsa zai bi. Ƙadangare ya haye, Injiniya ya tsaya a ƙasa yana ɗaga murya: "Jar fa, ba baƙar ba!" Haka suka yi fiye da shekara ashirin, babu wanda ya tambayi wani dalili. Bara gwiwa ta kayar da Ƙadangare, ɗansa ya zo ya kwashe shi ya tafi da shi garin da yake aiki. Tun daga nan Injiniya ya fara mayar da aiki. Gidajen yanzu kuwa kowa ɓoye waya yake so. Sai ga shi mutumin da a da sai ka yi sammako kafin ka gan shi ya fi masu kawo min faci zama a bencina.

Ana haka shugabar wata makarantar kuɗi da ke ƙarshen layinmu ta aiko a kira shi. Mace ce gajera mai tabarau da igiya a wuya, irin waɗanda in sun dube ka sai ka duba farcenka. Ta ce tana neman mai wuta na dindindin: albashi duk wata, da ɗan ɗakin ajiye kaya mai makulli. Ga mutumin da ya haura hamsin yana bin gida-gida da jaka a kafaɗa, ga 'ya'ya uku ba wanda ya kama aiki, wannan ba abin da ake ce wa bari in yi tunani ba ne. Sharaɗinta ɗaya. Azuzuwa uku na baya ba wuta, fankoki sun tsaya, jarrabawa kuma Litinin. In ya gyara kafin yammacin Asabar, aiki nasa ne. In bai gyara ba, mai gadi yana da ƙani.

Ranar Talata ya je ya auna duk abin da ake iya aunawa mutum yana tsaye a ƙasa. Ya gano inda cutar take: a cikin silin, saman ajin tsakiya. Ya ce wa shugaba zai ja sabuwar waya a jikin bango, har ya fara ciro testa zai yi mata karatun nan nasa. Ta ce watan jiya aka yi fenti, kuma wanda ya buga mata ƙusa ɗaya a bango zai san ita wace ce.

Ranar Laraba da safe matarsa ta kasa haƙuri, ta gaya wa matata abin da ke hana mijinta shiga silin, a bakin famfo, ta ce amana ce. Matata ta gaya min, ta ce amana ce. Na riƙe amanar har wajen ƙarfe sha ɗaya.

Yana zaune a benci ya yi tagumi, na zagaya bayan rumfa na ƙwanƙwasa kwano sau uku, na ja numfashi da ƙarfi kamar tayar da ke sacewa. Na leƙo ina jiran zagi. Bai zage ni ba. Abin da ya sa na san maganar babba ce ke nan.

"Zauna, Mai Faci," ya ce. "Tunda an gaya maka, gara ka ji daidai."

Babansu gyaran takalma yake yi, bai taɓa shiga aji ba, amma yana girmama duk abin da aka rubuta, ko da takardar magani ce. Wata rana ya kawo wa Injiniya littafi, lokacin yana ɗan shekara tara, ya fara iya haɗa baƙi. Littafin labaran ban tsoro ne, bangonsa ya daɗe da ɓata. Shi ne littafi na farko da ya karanta shi kaɗai ba malami a kansa. Ya ci labari biyu lafiya. Na uku shi ne na mutumin da ke jin motsi a silin ɗinsa. Bai kai ƙarshen littafin ba. Ya tura shi ƙarƙashin katifa, daga baya ya mayar wa Baba, ya ce ya haddace.

"Shekara arba'in da uku ke nan," ya ce. "Na san ƙarya ce. Na san mutum ne ya zauna ya rubuta, watakila ma yana shan shayi. Amma da na ɗaga kai na ga ƙofar nan, ƙafata ba ta san ƙarya ce ba."

"To ka tura ƙafar makaranta mana," na ce.

Ko murmushi bai yi ba. Na ce in tsani ne matsalar, ranar Asabar zan rufe rumfa in je in riƙe masa. Ya ce ya gode, cikin muryar wanda aka yi wa alkawarin raka shi kabari.

Matarsa ce ta buga wa yayarsa waya. Yaya tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kuma a wurinta akwatin ƙarfen Baba yake tun rasuwarsa. Ranar Alhamis da hantsi ta sauka daga tasi da leda a hannu, ta wuce gaisuwa ta tsaya a kansa.

"Auta, yanzu saboda wannan tsumman kake neman zubar da abincin 'ya'yanka?"

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Ƙurjin da ba a fasa ba ba ya warkewa. Karɓi, ka karanta da ƙarfi, ga rana ga jama'a."

Littafin bai fi tafin hannu biyu ba. An ɗinke gefensa da baƙin zaren takalmi, ɗinki mai kyau, wanda ko mota ta taka ba zai saki ba. Aka zauna a rumfata: Yaya a kujerar masu jira, matarsa a tsaye da ludayi a hannu, ni a kan taya. Injiniya ya sa tabaran karatu ya fara.

Labarin farko na wata mata ce da inuwarta ke riga ta isa gida. Yana cikin karantawa ya yi dariya, ya ce, "Wai wannan ne ya hana ni fita fitsari." Na biyu ma haka, har yana gyara wa marubucin, wai fitila ba ta mutuwa haka kawai sai in soket ya yi sanyi. Na ce a raina magani ya ci.

Sai na uku. Wani mutum ne mai zaman kansa, kullum yana jin ana tafiya a saman ɗakinsa. Ya sa guba, ya kawo kyanwa, motsi bai daina ba. Rannan ya aro tsani, ya kira maƙwabcinsa ya riƙe masa, ya ɗauki fitila ya hau. Muryar Injiniya ta fara ƙanƙancewa. Ya karanta layin ƙarshe na shafin: mutumin ya tura ƙofar, ya sa kansa cikin duhu, sai ya ji numfashi. Ya lashi yatsa, ya juya. Shafi na gaba ya fara da cewa sai bayan kwana uku aka sauko da gawarsa, idanu a buɗe, aka rasa mai iya rufe su.

Ya ajiye littafin a cinya. "Kun dai ji."

Yaya ta karɓa ta karanta da kanta, sau biyu, tana bin layi da yatsa. Ta ce, "Gaskiya marubucin nan ba shi da imani. Yara fa ya rubuta wa." Matarsa ta ce bari ta je ta duba tukunya, amma ba ta motsa ba.

Na ce a miƙo min in ga hotuna.

Ni aji uku na tsaya. In na kama rubutu sai na yi ta lallaɓa shi kamar mai tura mota a yashi. Amma lamba abincina ce. Tayar da aka rubuta wa sha huɗu ba ta hawa rim ɗin sha biyar ko ɗan wa ya kawo ta, don haka duk abin da aka miƙo min lambarsa nake fara nema. Na duba ƙasan shafin da mutumin ya sa kai: ashirin da huɗu. Na duba ƙasan shafin gawa: sittin da ɗaya.

"Injiniya," na ce, "a makarantarku, bayan ashirin da huɗu me ke zuwa?"

"Mai Faci, ba yanzu ba."

"Tambaya ce. Mu a tamu ashirin da biyar ne, amma tamu ta gwamnati ce."

Ya fizge littafin. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya juya gaba: sittin da biyu, sai arba'in da tara, sai hamsin, sai saba'in da bakwai. Yaya ta leƙo ta kafaɗarsa. Can sai ta dafe ƙirji, ta fara wata irin dariya marar sauti, har hawaye na bin kumatunta.

"Wayyo Baba," ta ce. "Allah ya jiƙan Baba. Ni na riƙe masa zaren."

Ashe littafin a warwatse ya zo, a cikin wata tsohuwar jaka da aka kawo gyara, mai ita ya ce a zubar da takardun. Baba ya ce ba a zubar da ilimi. Ya baje su a tabarma ya jera su yadda yake jera takalma a gaban rumfarsa: masu tsabta a gaba, masu ɗan datti a tsakiya, waɗanda mai ya ɓata a can baya inda ido ba ya kaiwa. 'Yan farkon sun zo a manne da juna, shi ya sa labari biyu suka tsira. Ya sa basilla ya huda, ya ɗinke, ya buga da guduma don ya kwanta.

"Ita gawar ta waye ke nan?" in ji matar Injiniya.

Aka bincika. Ta wani mai satar mangwaro ce a wani labarin daban, daga kan bishiya aka sauko da shi. Bai taɓa ganin silin ba a rayuwarsa.

Shafi na ashirin da biyar yana can kusa da ƙarshe, man takalmi ya cinye kusurwarsa, kuma a kife aka ɗinka shi. Injiniya ya juya littafin ƙafa a sama ya ci gaba, yanzu da murya irin ta mai karanta labarai a rediyo. Mutumin ya haska fitila. Babu komai a silin sai ƙura da tsohuwar sheƙar tantabara. Ya haska gabas, ya haska yamma, wayam. Injiniya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya share wurin. Sai mutumin ya lura numfashin ba daga sama yake zuwa ba, daga ƙasa ne. Ya sunkuyo. Ta taga ya hango maƙwabcinsa can a ƙetaren titi yana shanya. Wanda ke riƙe da tsanin kuma ya ɗago fuska, fuskar maƙwabcin ce sak, ya yi murmushi ya ce, "Sauko mana, na riƙe maka."

Nan labarin ya ƙare. Sannan su ukun suka juyo suka dube ni.

"Ni faci nake yi," na ce.

Ranar Asabar bayan azahar ya yarda in ɗauko masa tsani, amma iyakata bakin ƙofar aji. Tsanin na alminiyam ne, siriri, marar nauyi. Ya jingina shi da kansa, ya girgiza shi, ya ce kada wanda ya matso. Ya hau da tocila a baki. Da ya kai sama ya tura ƙofar, ya tsaya. Na ƙirga har arba'in. Ƙafarsa ta hagu tana rawa, tsani na amsa mata. Sannan kai ya shige, kafaɗa ta bi, ƙafafu suka ɓace. Jim kaɗan sai ga hannu ya leƙo, ya kama tsanin, ya janye shi sama gaba ɗaya.

Mai gadi, wanda ƙaninsa ke jiran aikin, ya ce shekararsa goma sha biyu a nan bai taɓa ganin an yi haka ba. Na ce sabon tsari ne, daga waje aka kawo shi.

Awa biyu ina zaune a bencin 'yan aji huɗu, gwiwata a haɓata, ina jin sa yana rarrafe a sama yana tari yana zagin ɓeraye da wanda ya yi aikin farko. Wajen ƙarfe huɗu da rabi ya ce a ɗaga babban makunni. Mai gadi ya tafi yana jan ƙafa. Fankar da ke kaina ta yi ƙara, ta yi kamar ba za ta yi ba, ta juya. Ta ajin dama ta kama, ta hagu ta kama. Takardun da ke manne a bango suka fara kaɗawa.

Shugaba ta shigo, ta ɗaga kai ta dubi fanka, ta dubi agogo. "Ina mai aikin?"

"Yana sama, ranki ya daɗe."

Injiniya ya fara zuro tsani. Daɓen ajin tayil ne, an goge shi don jarrabawa har kana ganin haƙoranka a ciki. Ƙafar tsani na taɓa ƙasa ta zame, ya kuɓuce masa, ya faɗi warwas tsakanin bencuna. Fuskarsa ta bayyana a ƙofar silin, fari fat da ƙura, saƙar gizo a gira.

Shugaba ta ce ƙarfe biyar take kulle makaranta, kuma tana so ya sa hannu a takarda kafin nan. Mai gadi ya harɗe hannu ya ce bayansa na ciwo. Ba sauran kowa sai ni. Na ɗaga tsanin na jingina, na taka ƙasansa da ƙafa, na kama shi da hannu biyu.

Allah ya sani na yi niyyar yin shiru. Na ma cije leɓe. Amma na ɗaga kai na gan shi yana leƙowa, sai bakina ya buɗe da kansa.

"Sauko mana," na ce. "Na riƙe maka."

Fuskar ta ɓace. Na ji rarrafe ya yi can ƙuryar gini.

Shugaba ta sauke tabarau. "Lafiya? Me ya koma yi?"

"Yana sake duba aiki ne. Haka yake, ba ya son a kira shi sau biyu."

Minti biyar ya wuce. Mai gadi ya fara murmushi, ya ciro waya yana neman lambar wani. Shugaba ta ce ita fa ba za ta ɗauki mutumin da sai an yi lallashi kafin ya sauko ba, yara ɗari uku sun ishe ta. Nan na ga da bakina zan kashe wa mutum aiki, kuma bango ɗaya ne tsakanina da matarsa.

"Injiniya!" na kira. "Biyar saura goma!"

Daga cikin duhu murya ta zo, ƙasa-ƙasa. "Wane ne a wurin tsani?"

"Ni ne mana."

"Haka shi ma zai ce."

Shugaba ta dube ni. Na ce mata kalmar sirri ce ta masu wuta, don kada a yi haɗari.

"In kai ne," in ji muryar, "faɗi abin da kai kaɗai za ka iya faɗa."

Na yi tunani iya nawa. Sannan na ɗaga murya yadda har na ajin hagu zai ji, da akwai kowa a ciki.

"Wandonka ya yage tun kana hawa, daga ƙugu har gwiwa. Gajeren na ciki mai ruwan ɗorawa ne. Shugaba ta gani, kunya ce ta hana ta magana."

Shugaba ta galla min harara. Sai rarrafe ya dawo, a hankali, har bakin ƙofa.

"Shi ne," in ji Injiniya. "Fatalwa tana da kunya."

Ya sauko taka ɗaya-ɗaya, hannu ɗaya a tsani, ɗaya a baya. Yana dira ya manna bayansa da allo, a haka ya karɓi biro, a haka ya sa hannu. Shugaba ta ciro makulli daga jaka ta miƙa masa, ta ce Litinin ƙarfe bakwai, kuma abokin nan nasa ba sai ya riƙa zuwa ba.

Da baya-da-baya ya fita daga ajin. Ni na ɗauko tsani, shi ya rataya jakar kayan aiki ta sauko masa har cinya ta baya, ya bi gefen katanga tun daga makaranta har gida, yana gaisa da mutane a karkace. Wandon lafiyarsa ƙalau. Sai da muka zo daidai rumfata, na tabbatar tsanin yana tsakanina da shi, sannan na gaya masa.